Igiya a Wuyan Kyalla

Ranar da labarin ya iso wa Zinariya, tana zaune a tsakar gidansu a Wurma tana murza igiyar rama a cinya. Goggo Batula, ƙanwar babanta, ita ta shigo da shi daga kasuwar Dutsin-Ma. Ko ƙwaryar da ke kanta ba ta sauke ba ta fara magana.

"Aje igiyar nan ki saurare ni. Mai fentin naki ya jawo maki yau. Baffanki ya ce, a gaban mutanen kara kaf, kada ya ƙara ganin ƙafarshi a ƙofar gidan nan."

Zinariya ta aje igiyar. Ta tambayi abin da ya yi. Goggo ta nemi ruwa ta sha, ta gyara zama, don ba ta son a gaggauta ta in ta samo labari mai daɗin faɗi.

Mai fentin shi ne Ikrima, Allah ya jiƙan shi ya kai haske kabarinshi. Ɗan Dutsin-Ma ne, kuma ba wanda ya koya mashi zane. Da gawayi ya fara, a bangon ɗakin girkin uwarshi, ya sha duka a kan haka har aka gaji aka ƙyale shi. Buroshinshi na farko da gashin wutsiyar akuyar maƙwabta ya haɗa shi, mai akuyar bai yafe ba sai da Ikrima ya rubuta mashi sunan shago kyauta. Da ya girma ya kafa rumfa kusa da tasha. Direbobin manyan motoci su kawo ya zana masu zaki a bayan mota, masu aski su kawo allo ya jera masu kawuna, mai shayi ya zo a yi mashi buta tana tururi. A gwangwanayen madara yake dama fenti, jikinshi kullum warin kananzir, farcenshi kuwa Zinariya ba ta taɓa ganin launinshi na asali ba.

Yana da wata al'ada guda. Tun yana saurayi Malam Ma'u, malaminshi na allo, ya ja kunnenshi a kan zanen abu mai rai, ya ce in har ba makawa to ya riƙa raba kai da jiki. Tun daga ranar duk abin da ya zana mai numfashi, zaki ne ko zakara, sai ya ja siririn layi a wuyanshi. Mutanen gari sun saba, ba mai ko lura.

Shekara guda ke nan yana neman Zinariya. Babanta, Alhaji Ilu, wanda suke kira Baffa, makiyayi ne da ya koma dillancin shanu, bai ce e ba bai ce a'a ba, sai dai yakan ce shi bai san shafe-shafe sana'a ce ba. Ga kuma Mutawakkil, ɗan kasuwar hatsi a Kurfi, mutum mai kirki da rumbuna da babur sabo, shi ma ya turo manyanshi sau biyu. Kowa a gidan ya san inda zuciyar Baffa ta karkata, kowa kuma ya san inda ta Zinariya take.

Shi ne Ikrima ya yi dabarar da yake ganin za ta sanyaya zuciyar tsohon. Ya ji ana cewa duk garken Alhaji Ilu ba wadda yake so kamar Kyalla, wata tsohuwar saniya ja mai farin goshi, wadda marigayiya uwar Zinariya ta bar wa 'yarta. Sau ɗaya ya hango ta daga nesa. Ya sami katako mai kyau, ya kwana bakwai a kanshi yana zana ta, ya naɗe shi a zane, ya ɗauko shi har cikin kara, wurin cinikin shanu, ranar kasuwa, ya durƙusa ya buɗe a gaban Baffa da abokanshi.

"Ni kam da na leƙa," in ji Goggo, "saniya ce kyakkyawa, ko a kalanda albarka. Ƙahoni biyu daidai wa daida sun miƙe sama kamar an auna. Ga jan layi a wuya, daga nan har nan."

Zinariya ta rufe fuska da hannu biyu.

Kyalla ba ta da ƙahoni biyu a miƙe. Na hagu ya lanƙwashe ƙasa har yana kusan taɓa idonta. Tana maraƙa ta faɗa wani kwazazzabo da damina, Zinariya lokacin tana 'yar shekara goma ta bi ta ta riƙe kanta sama da ruwa har manya suka iso. A wurin ƙahon ya tsage, a wurin kuma ya tsaga wa Zinariya kunci. Tabon yana nan, daga ƙarƙashin idonta na dama zuwa kusa da leɓe.

Goggo ta ce Baffa ya daɗe yana kallon katakon, sannan ya ɗago ya ce wa mutane su shaida, yaron nan ya miƙe wa saniyarshi ƙaho, ya kuma sa mata wuƙa tun tana da rai. Dillalai suka fashe da dariya. Mutawakkil yana wurin, shi bai yi dariya ba, amma ya ɗauko wa Baffa kujera.

* * *

Bayan la'asar Zinariya ta sami babanta a garke yana cire wa Kyalla kaska a bayan kunne. Ta durƙusa nesa kaɗan. Ta yi niyyar ba za ta yi kuka ba, tana buɗe baki hawaye suka riga maganar.

Ta ce mashi layin nan ba mugun fata ba ne, umarnin malaminshi ne, kowane zane nashi haka yake. Baffa ya ce ya sani, an faɗa mashi tun a kasuwa. Ya ce mutumin gari ne kaɗai zai ja jan layi a wuyan saniyar makiyayi ya kawo mashi a matsayin gaisuwa, amma wannan wauta ce, wauta kuwa ana yafe ta.

"To Baffa, mene ne ba a yafewa?"

Ya kama lanƙwasasshen ƙahon yana shafawa.

"Ya gan shi, Zinariya. Ba makaho ba ne. Ya gani bai yi mashi ba, ya gyara. Ni ranar da aka ɗauko ku ke da ita daga ramin nan, jini ya rufe maki fuska, uwarki ta ce mani kada in ba da ke ga wanda zai riƙa kallon gefen hagunki kawai. Mutumin da ya gyara ƙahon Kyalla, wata rana zai zauna yana kallon ki yana gyara ki a zuci."

"Ba haka yake ba, Baffa."

"Kin tambaye shi?"

Ba ta tambaye shi ba. Shekara guda suna zance, bai taɓa ambaton tabon ba, ita ma ba ta taɓa ba. A da tana ganin kunya ce da kara. Yanzu ta fara shakka.

Baffa ya ce ba zai tilasta mata Mutawakkil ba, ita ba yarinya ba ce, shekararta ashirin da huɗu. Amma mai fenti kam a'a. Ta share hawaye ta ce tunda an zo maganar gyara, ya kamata ya sani Mutawakkil ya taɓa ce mata akwai likita a Kano da ke shafe tabo, da an ɗaura aure zai kai ta. Baffa ya ce Mutawakkil aƙalla ya faɗi abin da ke ranshi, ya juya ya ci gaba da neman kaska.

* * *

Da kasuwa ta zagayo ta ɗauki ƙwaryar nono ta bi Goggo Dutsin-Ma. Ta sami Ikrima a rumfarshi, ya juya katakon Kyalla yana kallon bango, shi kuma yana zana kaza a allon wani mai gashin kaza. Kazar ma da layinta a wuya. Yana ganin ta ya miƙe da sauri har gwangwanin shuɗi ya kife mashi a ƙafa.

Goggo ta zauna a benci a bakin rumfa, ta ce ita ba ta ji ba ta gani, su dai kada su daɗe.

"Me ya sa ka miƙe mata ƙaho?" Zinariya ta tambaya, ko gaisuwa ba ta yi ba.

Ya sosa ƙeya, ya bar shuɗi a wurin. Ya ce shekara goma sha biyar yana wannan aiki, ba wanda ya taɓa kawo mashi abu ya ce a zana yadda yake. Mai aski yana son kawunan da ba a taɓa gani a Dutsin-Ma ba. Direba yana son zakin da ya fi giwa. Akwai mai tireda da ya sa shi ya ƙara wa kifin gwangwani murmushi. Hannunshi ya saba, in ya ga karkatacce sai ya miƙe shi, yana ɗauka kyautatawa ce.

"To ni fa?" Muryarta ta karye. "In ka koma gida kana tuna ni, da wace fuska kake tuna ni? Da wannan, ko da wadda ka gyara?"

Ya dube ta kamar an mare shi. Sai ta fashe da kuka sosai, irin wanda har mai gashin kaza ya leƙo ya koma.

"Zinariya, in na faɗa maki da baki, za ki ce daɗin baki ne, Baffa ma haka zai ce. Ni ban iya magana ba. Ki roƙar mani yayanki Hamma Atiku ya bar ni in bi garke. An hana ni ƙofar gida, ba a hana ni daji ba."

Daga bakin rumfa Goggo, wadda ba ta ji ba ta gani, ta ce, "Da waɗannan takalman za ka bi shanu? Allah ya kai mu."

* * *

Hamma Atiku, yayan Zinariya, shi ke kai garke kiwo ta wajen Barkiya. Ya yarda, ba don tausayi ba, ya ce shi dai yana son ya sha dariya. Ya kuwa sha.

Kullum da yamma shi ke kawo rahoto tsakar gida. Ranar farko Ikrima ya tsaya a bayan bijimi yana auna shi da ɗan yatsa, bijimin ya auna shi da kofato. Rana ta biyu takalminshi ya maƙale a laka, ya dawo da ƙafa guda. Rana ta uku wata karsana ta cinye mashi takarda uku da ya kwana yana zanawa, ya bi ta yana ba ta haƙuri ta tofo. Kaska kuwa sun same shi kamar sun daɗe suna jiran ɗan gari.

Matan gidan su yi ta dariya har da riƙe ciki. Zinariya ta yi dariyar ita ma, ta shiga ɗaki ta yi kuka kaɗan, ta fito. Baffa yana kan buzunshi yana jan carbi kamar ba ya ji, amma Goggo ta rantse ta ga gemunshi yana rawa.

A mako na biyu rahoton ya canza. Hamma ya ce mai fentin ya daina zane gaba ɗaya. Zama yake yi a gindin ƙirya yana kallon Kyalla tun hantsi har azahar. Ya tambayi me ya sa take karkata kai in za ta sha ruwa, Hamma ya ce saboda ƙahon yana tare mata ido. Ya tambayi me ya yaga mata kunne. Ya gano da kanshi cewa ba ta taka ƙafar baya ta dama sosai in an yi sanyi, abin da ko Hamma sai da ya duba ya tabbatar. Ranar da Kyalla ta zo da kanta ta lashi gishiri a tafin hannunshi, Hamma ya faɗi wannan a hankali, ba dariya, yana satar kallon babansu.

A cikin makon ne manyan Mutawakkil suka dawo karo na uku, da goro da alawa, suna neman a tsaida magana. Baffa ya ce su ba shi zuwa Juma'a ta sama. Zinariya tana bayan zana tana ji. Kwana tara ke nan.

Saura kwana uku Hamma ya kawo mata saƙo. Zanen ya kusa, amma Ikrima ya tsaya cak a wuya. In ya ja layi, ya sake yanka saniyar Baffa. In bai ja ba, ya saɓa wa malaminshi da abin da zuciyarshi ta yarda da shi, kuma ya ce wannan ba zai yi ba ko don aure. Ya koma wurin Malam Ma'u, malam ya ce shi abin da ya sani ya riga ya faɗa, Allah ne masani.

Zinariya ta ɗaga kai. Idonta ya faɗa kan igiyar ramar da take murzawa ranar da Goggo ta kawo labari, tana rataye a ƙusa ba ta ƙarasa ba. Ta sauko da ita, ta zauna ta ƙarasa murza ta, ta ƙulla irin ƙullin da uwarta ke yi wa maruƙa. Ta miƙa wa Hamma.

"Ka ba shi. Ka ce Kyalla ba ta taɓa kwana ba igiya a wuya ba."

* * *

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Baffa yana zaune a inuwar garke da manyan Mutawakkil da shi Mutawakkil ɗin, sai ga Ikrima tafe da katako a ka. Ya tsaya a bakin shinge ya yi sallama, ya ce an hana shi ƙofar gida, shi ya sa ya zagayo ta baya. Wani dattijo ya ƙyalƙyale da dariya. Baffa ya ce ya shigo tunda ya riga ya iya hanyar shanu.

Zinariya da Goggo suna bayan zana, kowa da ramin leƙenta.

Ya buɗe zanen.

Kyalla ce. Kanta a karkace kamar za ta sha ruwa, ƙahon hagu ya sauko har gefen ido, da tsagar da ke gindinshi. Kunnen da ya yage. Haƙarƙarin tsufa a fili, bai ƙara mata ko tsoka ɗaya ba. A wuya ya bar siririn wuri ba fenti, katako tsirara, kai ya rabu da jiki kamar yadda malam ya ce. A kan wurin ya ɗora igiyar Zinariya, igiyar gaske, ya kafe ta da ƙananan ƙusoshi biyu, ƙullin yana lilo.

Baffa ya tashi ya matso. Ya duba ƙafar baya, ya ga ba ta taka ƙasa sosai ba. Ya taɓa ƙullin igiyar, ya daɗe yana murza shi da yatsa, don ya san hannun da ya fara irin shi. Ya ɗaga igiyar kaɗan ya ga katakon da ke ƙasa, ya mayar.

"Ka dai ƙi barin layin naka."

"Ba zan iya bari ba, Alhaji. Na dai ɗaure ta maimakon in yanka."

"Hm." Baffa ya share ido da hannun riga, ya ce hayaƙin garke ne, alhali ba a kunna wuta ba. Sannan ya juyo. "Da za a ce ka zana 'yata, ta ina za ka fara?"

Zinariya ta damƙe hannun Goggo har Goggo ta ce wash.

Ikrima ya sunkuyar da kai. Ya ce shi bai taɓa zana ta ba, ba kuma zai zana ba. "Amma da zan yi, ta tabon zan fara, Alhaji. Daga ƙarƙashin ido yake, ya ɗan lanƙwasa a tsakiya, ƙarshenshi ya rabu biyu kamar bakin tsinke. In ta ji haushi yakan yi duhu. In za ta yi dariya shi ke fara motsi kafin bakinta, da shi nake gane na yi magana mai kyau. In aka shafe shi ban san yadda zan yi in gane ba."

Mutawakkil ne ya fara miƙewa. Ya ce wa Baffa shi wata bakwai yana zuwa zance bai san tabon ya rabu biyu ba. Ya ba Ikrima hannu, fenti ya ɓata mashi farar rigar Juma'a, ya duba ya yi dariya, ya ce in an gama biki yana son a zana mashi buhun gero a ƙofar shago, amma kada a ƙara wa buhun girma.

Baffa ya ɗauki katakon da kanshi ya rungume. Bai dubi Ikrima ba ya ce, "Ka turo manyanka. Ka kuma sai takalmi."

Goggo ta rangaɗa guɗa daga bayan zana, ta manta cewa ba ta nan.

* * *

Shekara goma sha ɗaya suka yi tare a Dutsin-Ma, 'ya'ya uku. Bai yi arziki ba, bai kuma daina kifar da gwangwani ba. Amma daga wannan shekarar aikinshi ya canza. Makiyaya suka riƙa zuwa daga Kutawa da Barkiya a zana masu shanunsu yadda suke, kowa da igiyarshi a aljihu. In mutum ya ce a ɗan gyara ƙaho, sai Ikrima ya ce surukinshi ya hana.

Kyalla ta mutu shekara biyu bayan bikin. Da Baffa zai rasu ya ce a mayar wa Zinariya katakon. Ikrima kuwa daminar bara ya rasu, zazzaɓin kwana huɗu, da kore a farcenshi aka yi mashi wanka, ya ƙi fita.

Katakon yana jikin bangon ɗakinta, daidai inda haske ke shigowa. Igiyar ta tsufa ta saki, cikin dare takan zame ƙasa kaɗan, katakon wuya ya bayyana. Yaran sun ce a ƙara ƙusa, ta ce a bari. Kowace safiya in ta idar da salla, kafin ta hura wuta, sai ta goge katakon da bakin zanenta, ta sa yatsa biyu ta mayar da igiyar wurinta.